Hatimin Da Ya Ƙi Kifuwa

Har ranar da aka fitar da gawar Tabuchi Yasokichi daga lungunmu, akwai tsofaffi a unguwa da in an ambaci sunansa sai su taɓe baki su ce, "Au, wannan da ya buga hatimi a kan ruɓaɓɓen kaya?" Abokina ne tun muna samari, Yaso muke ce masa. Bangon katako ɗaya ya raba ɗakinsa da nawa, ko tari ya yi ina ji. Ni sunana Gen, gawayi nake sayarwa, ban yi karatu mai nisa ba, amma zan faɗi abin da na sani a kansa, mai daɗi da mara daɗi.

A wani ƙauyen masunta aka haife shi, kudu da Osaka. Sana'ar gidansu dafa ƙananan kifi a manyan tukwane, a matse mai, a shanya tuƙar a sayar wa manoma su yi taki. Warin nan ba inda bai shiga ba. Yana cikin gashinsu, yana cikin bargonsu, shinkafar da suke ci ma ƙarninsa take yi. In Yaso ya shiga aji yara su toshe hanci, malami ya yi kamar bai gani ba. Ya tashi da ƙyamar warin nan kamar yadda wani ke tashi da tsoron maciji. Da ƙafarsa ta yi ƙwari ya gudo birni, ya kama koyon gyaran fitilun keke da wayoyin lantarki. Abu na farko da ya saya da guminsa sabulu ne. Har ya tsufa, in maƙwabta suka ɗora irin kifin nan a wuta, tashi yake ya bar lungun sai hayaƙi ya lafa.

A lokacin mota sabon abu ce. In ka tsaya a bakin titi, amalanke da dawaki da masu jan keken fasinja sun ninka ta nesa ba kusa ba. Amma ƙananan kamfanoni sun fara tsirowa a bakin hanyoyin ruwa, suna haɗa 'yan motocin nan masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, waɗanda direba ke hawa kamar babur, tankin fetur tsakanin gwiwoyinsa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki Yaso. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ya daɗe da mutuwa, bai kuma cancanci a tuna shi ba.

Kamfanin ba ya ƙera kayan wuta da kansa, sayowa yake daga ƙananan maƙera: fulogi, makunni, ƙwan fitila, hon, da kwayil, ɗan baƙin gwangwanin nan mai nannaɗaɗɗiyar waya a ciki da aka cike da kwalta, wanda ke mayar da wutar batir tartsatsi. Kowane irin kaya yana da samfurinsa, guda ɗaya tak da babban injiniya ya duba ya yarda da shi. A ɗaura masa jan zare, a sa shi a akwatin farin katako, a ajiye a kan kanta a rumfar karɓar kaya. Aikin Yaso ke nan. In 'yan dako suka sauke kaya, ya sauko da samfur da hannu biyu, ya goge shi, ya ajiye a dama, ya jera sababbin a hagu. Ya duba, ya auna tsawo da kauri, ya ɗora a sikeli, ya haɗa da batir ya ga launin tartsatsi. In sun yi daidai da samfur, ya buga hatiminsa a katin da ke rataye jikin akwatin, a wuce da su wurin masu haɗa mota. In ba su yi ba, su koma inda suka fito.

Hatimin na kamfani ne, ɗan siriri kamar guntun fensir, da ɗan tsagi a gefe da ke nuna sama. Wuri bai isa a sassaƙa sunansa duka ba, sai aka sassaƙa harafin farko kaɗai, harafin da a rubutunmu ke nufin gonar shinkafa: ɗan fili mai kusurwa huɗu da aka raba gida huɗu. Ma'aikata suka riƙa ce masa gonar Tabuchi. Duk kayan da ka ga jar gonar nan a katinsa, ɗaura shi ido rufe.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Tsantseninsa yana gajiyar da mutane. Matarsa Fusa takan ce mini ta bayan bango, "Maƙwabci, zo ka ji. Wai shinkafar yau ba ta yi daidai da ta jiya ba. Na ce to ai ka cinye samfurin, da me zan gwada?" Shi kuma ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya ci gaba da cin abinsa. Yana son aikin nan kamar me. In muna tafiya gidan wanka muka ji ƙarar motarsu ta wuce, sai ya tsaya ya kasa kunne, kamar uban da ya ji muryar ɗansa a cikin taro.

Sai Hozumi ya shigo. Ƙanin matar manaja ne, da man fenti yake sayarwa, rana ɗaya aka wayi gari ya zama maƙerin kwayil. Samfurin da ya kawo ba laifi, injiniya ya yarda, aka ɗaura jan zare. Masu tsegumi sun ce a shagon tsohon maƙerin ya sayo shi ya kankare suna, ni dai ban gani ba. Kayan farko suka zo lafiya. Da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho, aka sauke wasu akwatuna. Yaso ya auna, daidai. Ya ɗora a sikeli, daidai. Ya ba su wuta, tartsatsi shuɗi tas. Ya cire na ƙarshen daga waya, gwangwanin ya ɗan yi ɗumi a tafinsa, sai wani abu ya taso masa a hanci. Bai san sanda ya fita ba. A bakin ruwa ya durƙusa ya amayar da karin kumallonsa kaf. Gidansu ne ya biyo shi har cikin rumfa. An tsinka kwaltar da dagwalon man kifi don ta yi auki.

Ya wanke baki, ya ɗauki samfur da sabon kwayil ya nufi wurin Kajiwara, shugaban rumfar, wani mai tumbi da ba ya rabuwa da tsinken sakace.

"Maigida, don girmanka sansana wannan, ka sansana wannan."

"Na sansana? Awo bai yi ba ne?"

"Ya yi."

"Nauyi fa?"

"Ya yi. Amma an haɗa kwaltar da man kifi. Yanzu da sanyi-sanyi za ta riƙe. In zafi ya zo narkewa za ta yi."

Kajiwara ya zare tsinken daga baki ya dube shi. "An ce ka duba, ka auna, ka ba shi wuta. A ina aka ce ka sansana? Kare muka ɗauka aiki? Kai Tabuchi, ka san kayan wa ke nan kuwa?"

"Na sani, maigida."

"To in ka sani, je ka buga gonarka mutane su samu na yi."

Bai buga ba ranar. Ya ce kansa ke ciwo, ya rufe tawada. Washegari sai ga Hozumi da kansa, gashi sharkaf da mai, riƙe da kwalin alewar wake. Ya rusuna har ƙasa kamar mutumin kirki, har da ƙara wa sunan "san" na girmamawa.

"Tabuchi-san, sannu da ƙoƙari. An ce kayana suna maka wari?" Ya ɗauki kwayil ya shinshina, ya miƙa wa Kajiwara, shi ma ya shinshina, suka girgiza kai tare. "Ni ban ji komai ba. Af, ashe an ce kai ɗan masu dafa kifi ne? To ai shi ke nan. Ka sansana hannunka tukuna, ɗan'uwa. Wani warin ba ya jin sabulu."

'Yan dako suka kwashe da dariya. Yaso ya sa hannayensa a bayansa. Shekara da shekaru yana wanke su, kalma ɗaya ta mayar da shi aji.

Da ya koma gida Fusa ta ce, "Baban Kinu, ka ce a'a mana. Bakinka ciwo yake?"

"In ce wa wa? Manaja? In tsaya a gabansa in ce ƙanin matarka ɓarawo ne?"

"To ka buga."

"In buga sunana a kan wannan ƙazanta?"

"To zauna nan tsakiya kamar kwaɗo a bakin rijiya," in ji ta, ta juya wa tukunyarta.

A wurinmu ƙarami ba ya kallon babba ya ce masa a'a. Amma magabata sun bar wata 'yar ƙofa. In aka tilasta maka buga hatimi a kan abin da ranka bai yarda da shi ba, sai ka buga shi a kife, kai ƙasa. Kowa ya san fassararsa: na buga, amma ba da yardata ba, in ta ɓaci kada a nemo ni. Ba a yi maka faɗa, ba a kuma tambaye ka. Wannan ƙofar Yaso ya hango, ya yi ta juya hatimin a zuciyarsa har ya ji sanyi. A zuciya kawai ya juya shi. Bai taɓa gwadawa a takarda ba, don tunda aka ba shi hatimin bai taɓa barin tsagin ya karkace ko kaɗan ba.

Da safe rumfa ta cika. Masu haɗa mota sun zo da kansu, aiki ya tsaya musu. Kajiwara da Hozumi suna tsaye a bakin teburi. Yaso ya buɗe tawada, ya dangwala, ya ɗaga hatimin sama yadda kowa zai gani. Sannan a hankali ya murza shi, tsagin da ke kallon gaba ya dawo yana kallon ƙirjinsa. Kajiwara ya daina sakace. Murmushin Hozumi ya bushe. Yaso ya danna a kan kati, ya riƙe, ya ɗaga.

Gonar tana nan yadda take kullum. Kusurwa huɗu, gida huɗu. Sama da ƙasa duk ɗaya.

Wani tsohon mai haɗa injin ne ya fara leƙawa. Ya dubi katin, ya karkata kai, ya sake dubawa, sai ya fashe. "Kai jama'a! Tabuchi ya kifar da gona, gona ta ce ba ta san zancen ba!" Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Hozumi ya fi kowa, har da share hawaye. Kajiwara ya dafa kafaɗar Yaso ya ce, "Madalla. Kullum ka riƙa kifarwa, ba mai hana ka. Ku kwashe kaya."

A nan ne nake jin haushinsa, ko da yake ƙasa ta rufe masa ido. Ya ga da idonsa ƙofar nan bango ce. Kamata ya yi ya ajiye hatimin ya fita. Bai fita ba. Duk kayan Hozumi da aka sauke, sai ya ɗaga hatimi, ya murza, ya buga, yana riƙe numfashi don kada warin ya shige shi. Ya ce mini ai kowa yana gani, kowa shaida ne. Abin ya zama wasan rumfa. In ya shigo da safe a ce, "Manomi, yau gonar a miƙe take ko a kife?" Masu shara ma sun san zancen. Ya rame, abinci ya daina shiga, ya riƙa wanke hannu har fata ta tsage. Amma ya buga.

Zafi ya zo, irin zafin Osaka mai danshi da ke sa riga ta manne a baya. Motoci suka fara mutuwa a hanya, baƙin ruwa mai ƙarni yana ɗiga daga kwayil. Sannan na Mogi ya faru. Mogi direba ne, yana kai wa shaguna bandiran yadi. Yana kan gada da tsakar rana kwayil ya tsiyaye a kan injin mai zafi, wuta ta kama, ta lashi tankin da ke tsakanin gwiwoyinsa. Mutane suka ja shi, suka kashe wutar da jiƙaƙƙun buhuna. Ya rayu, amma ƙafafun ba su ƙara ɗaukarsa ba.

Da 'yan sanda suka fara zirga-zirga, manaja ya tara mutane a ofishinsa. Aka baza katunan a kan teburi, jajayen gonaki reras. Hozumi ba ya nan, wai ciwon ciki ya kama shi, ya tafi jinya wurin ruwan zafi a kan duwatsu.

"Hatimin wa ke nan?" in ji manaja.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma a kife na buga su. Duka."

Manaja ya ɗauki kati ɗaya, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya kai shi kusa da taga. "A kife? Ni ban ga kifi ba, ban ga kifewa ba. Kajiwara, ya taɓa kawo maka ƙara?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe. Da ya faɗa ai da na tsayar da kayan."

"Ku fa? Akwai wanda ya ga ya kifar da hatimi?"

Yaso ya waiwaya. Ga tsohon mai haɗa injin, ga 'yan dako, ga duk masu ce masa manomi. Mutanen da suka yi wata da watanni suna cin abinci da wannan dariya. Kowa ya samu abin kallo a yatsun ƙafarsa. Wani ma har da gyaran murya, kamar zai yi magana, ashe kaki ne. Tir da wannan tsayuwa. Na san wasunsu, suna sayen gawayi a wurina, kuma har yau in na tuna fuskokinsu sai in ji yawu ya taru mini a baki.

Aka sallame shi. Amma kafin ya tafi sai da suka more shi sau ɗaya: shi zai je gidan Mogi ya ba da haƙuri da sunan kamfani. Kajiwara ya raka shi, riƙe da kwandon 'ya'yan itace. Ɗaki ɗaya ne, zafi kamar tanda, warin magani da na ƙuna ya cika shi. Mogi yana kwance, an ɗora wani ɗan keji a kan ƙafafunsa don kada mayafi ya taɓa su. Matarsa tana korar ƙudaje da mafici, ba ta ko ɗago ba. Yaso ya durƙusa ya kai goshi tabarma. Kajiwara ya yi jawabin da ya haddace, cewa ma'aikaci ɗaya ne ya yi sakaci kuma an hukunta shi, ya ajiye kwando, ya fita yana toshe hanci da hankici.

Yaso bai tashi ba. Abu ɗaya yake so a duniya a lokacin, mutum ɗaya ya yarda cewa sunansa ba ya kan wannan kaya.

"Mogi-san," ya ce, goshinsa na ƙasa, "ina so ka sani. Ban yarda da kayan nan ba. A kife na buga hatimina."

Sannan Mogi ya juyo da kai.

"Ka san ruɓaɓɓu ne ke nan?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin zafi."

"Ka kuma buga." Mogi ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "A kife. Sannu da ƙoƙari, malam. Uwar yara, kin ji? A kife ya buga. Ɗaga mayafin nan ki nuna masa, ya gaya mana ko a miƙe suka ƙone ko a kife."

Ta ɗaga. Yaso ya gani.

Daga ranar bai ƙara faɗin kalmar nan ba. Ya kafa 'yar rumfar gyaran keke a bakin lungu, a nan ya ƙare rayuwarsa. Bai ƙara riƙe hatimi ba, ko ɗan aike ya kawo saƙo Fusa ce ke bugawa. In muna gidan wanka wani ya jefa masa magana, na taso zan rama, sai ya riƙe mini hannu a cikin ruwa ya ce, "Bar shi, Gen. Ai bai yi ƙarya ba." Na fi son ya yi faɗa. Na fi son ya zagi wani. Bai yi ba.

Ya haɗa wa Mogi wani keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, ya tura shi har ƙofar gidan ya ajiye. Mogi ya karɓa, bai ce an gode ba. In taya ta sace ko sarƙa ta tsinke, matar ta turo keken, Yaso ya gyara ya mayar. Haka suka yi ta yi har Mogi ya mutu, ban taɓa jin sun gaisa ba. Yaƙi ya zo ya wuce, kamfanin ya narke, Hozumi ya yi ƙiba da kwangilar soja, ya gina gida mai lambu a kan tudu. Yaso kuwa ƙirji ne ya ci shi a hankali. A kwanakinsa na ƙarshe ni nake juya shi, ba nauyi, kamar ka ɗauki buhun gawayin da ya ƙare. Ina goge masa hannu da tsumma mai ɗumi sai ya ce, "Sun fita?" Na ce sun fita tas, Yaso, sun fi na kowa. Ban sani ba ko ya ji.

Ranar zaman makoki sai ga Kajiwara, ya tsufa, yana dogara sanda, ba wanda ya gayyace shi. Fusa ta ba shi matashin zama don ba a korar baƙo a irin wannan rana. Ya ƙona turare, ya haɗa tafuka, ya juyo ga jama'a da murya mai rawa.

"Na yi aiki da mutane da yawa," ya ce, "ban ga mai biyayya irin marigayi ba. Duk zamanmu bai taɓa ce mini a'a ba. Yaran yanzu ina za su iya?"

Ya ci abincin makoki, ya nemi ƙari, ya sa aka ƙunsa masa sauran ya kai wa jikoki. Fusa ta raka shi bakin ƙofa, ta rusuna yadda ya kamata, ta tsaya har ƙarar sandarsa ta ɓace. Sannan ta dawo, ta ɗauko awartakin gawayi, ta tsinci matashin da ya zauna a kai da shi, ta riƙe shi nesa da jikinta, ta ratsa ta tsakiyar masu makoki ta fita. Muna zaune muka ji faɗuwarsa a hanyar ruwan da ke bayan lungu.